Faratan Hannun Dama

A motar haya mai zuwa unguwar Faisal, dattijon da ke gefena yana miƙa kuɗin mota da hagu. Raina ya sosu. Sai na lura hannun damansa na kwance a cinya, farata zaƙo-zaƙo, ɗaya ya tsage an liƙe da gam. Lallaɓa su yake yi.

Ya ga ina kallo, ya zare abin sauraron kunnensa ɗaya ya ba ni. Jitar filamenko ce ke gudu, irin wadda ake kaɗawa da farata, ƙahon kiɗan jaz na bin ta a hankali.

"Ni ne mai jitar nan, ya ibni, ɗana, kafin hannun ya fara karkarwa," in ji shi. "Yau an sake kirana ɗaukar sauti."

Ina jin ya daɗe yana jiran kiran nan. Hannun na karkarwa kuwa, amma yatsun da ke bin kiɗan a cinyarsa ba su kuskure ko sau ɗaya ba.