Kwamin Ruwan Ɗumi a Lambun Baba

A shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato Baba ya faɗo daga kan motar albasa a kasuwar Aliero. Sana'arsa ke nan tun kafin a haife mu: ya sayi albasa hannun manoma, a ɗura a buhu, a loda, a yi Kudu da ita. Ranar ya hau ne ya duba ɗaurin lodi, buhu ya zame da shi, cinyarsa ta dama ta karye kusa da ƙugu. Da yake garin masu ɗori ne, nan take aka kai shi gidan wani dattijo aka ɗora shi. Ya yi watanni a can, Inna tana jinyarsa, kafin a dawo da shi gidanmu na unguwar Jega Magaji yana dogara sanda. Mai ɗorin ya ce a riƙa gasa masa wurin da ruwan ɗumi safe da yamma, musamman idan sanyi ya shigo.

Inna ta ɗauki wannan aiki ba tare da an ce mata ba. Da an idar da sallar asuba za ta hura wuta da karan dawa, ta ɗora babbar tukunya, ta jefa ganyen dogon yaro a ciki. Idan ya tafasa ta sirka, ta kinkimi daron zuwa ɗakinsa, ta tsoma tawul ta matse ta danna masa a cinya. Ni lokacin ina koyarwa a wata firamare, ban yi aure ba tukuna. Ina shirin fita sai in riƙa jiyo su. Shi yana raki, ita tana ce masa, "Malam, ai ko jinjiri ya hi ka haƙuri." Daga nan su gangara hirar mutanen Giwa Tazo, ƙauyensu Inna can ƙasar Maiyama, wa ya rasu, wa ya aurar, gonar wa ta yi kyau. Ban taɓa jin iyayena sun yi doguwar hira irin ta waɗannan watanni ba, don a da Baba kullum yana kan hanya.

Sai dai aikin yana cin ta. Hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja, bayanta ya riƙe, wata rana ma ruwan ya kwaro mata a ƙafa har ta saluɓe.

A wannan hali Yaya ya same mu. Shi ne babbanmu, aikin wutar lantarki yake yi a Sakkwato, sabuwar jiha ta sa aka dawo da shi gida. Da ya ga ƙunar Inna sai ransa ya ɓaci. Bayan gidanmu akwai ɗan lambu mai rijiya da itatuwan lemun tsami da gwaiba. Yaya ya ce nan zai sa a gina kwami na siminti, wanda Baba zai zauna ciki ruwa ya kai masa ƙugu, wuta ce za ta ɗumama ruwan.

Inna ta ce, "Wuta cikin ruwa? Kai ko ka ji abin da ya samu matar nan ta garin Dangamaji?" Labari ne da ya zagaya a lokacin: wata mata ta sa hita mai ɗumama ruwa a bokiti, ta tsoma hannu ta ji ko ya yi zafi, wuta ta ja ta, da ƙyar aka ceto ta.

Yaya ya ce, "Na ji, Inna. Don haka nika son in yi shi da hannuna."

Ya kuwa yi shi da hannunsa, a hankali, har Baba ya fara ƙorafin jinkiri. Bai yarda ya jona daga soket na ɗaki ba. Layi daban ya ja tun daga mita, da waya mai kauri wadda sai da ya koma Sakkwato ya samo. Ya haƙa rami mai zurfi daga zaure har lambu, ya zura wayar cikin bututun roba ya binne, ya jera bulo a kai don kada wata rana fartanya ta same ta. Hitar ma ba a cikin kwamin ya sa ta ba. Tanki ya kafa a gefe, a rufe, can ruwan ke ɗumi ya biyo famfo ya sauko. Ya buga doguwar sandar jan ƙarfe a ƙasa mai laima kusa da rijiya, ya ɗaure mata waya daga jikin tankin, ya ce idan wuta ta ɓalle, nan za ta bi ta shige ƙasa maimakon jikin mutum. Ya ƙara da wani ɗan akwati mai katse wuta da kansa da zarar ya ji ba daidai ba. Makunnin kuwa can ya kafa shi a bangon kicin, sama, cikin akwatin ƙarfe mai murfi, inda mai jiƙaƙƙen hannu a bakin kwami ba zai kai ba.

Ranar da ya gama ya tara mu a gindin lemu. Ya ce dokar ɗaya ce: a kunna, ruwa ya yi ɗumi, a kashe, a rufe akwati, sannan Baba ya shiga. Ya kama hannuna ya nuna mini sau da yawa har na iya. Inna ta matso tana goge hannu da gefen zane, ta ce, "Ni ina zan taɓa?"

Yaya ya ce, "A'a Inna, ke dai kada ki taɓa komi. Hannunki kullum cikin ruwa shike. Ki huta, wanga aiki ya ƙare miki."

Da tausayi ya faɗa, ni ma a lokacin tausayin na ji. Inna ta ce, "To, Allah shi yi albarka," ta koma ciki.

Kwamin ya yi wa Baba amfani, wannan ba musu. Ƙafar ta saki, ya fara taka ta har masallaci. Abokansa 'yan kasuwa da wani mahauci maƙwabcinmu suka riƙa shigowa ta ƙofar lambu suna kallon abin mamaki, suna zama kan benci ana hira yana cikin ruwa da gajeren wandonsa. Tunda maza sun cika wurin, Inna ba ta leƙawa. Da safe in kunna in kashe in tafi makaranta. Idan na waiwaya sai in gan ta zaune bakin murhu, ta riga ta dama kunu, ba sauran abin yi, tana tsinke ganyen zogale da ba a buƙata sai rana. Ƙunarta ta warke, idanunta sun washe, amma ta yi shiru.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne ranakun da aka ɗauke wuta. Da ta ga ƙwan lantarki bai kama ba sai jikinta ya yi sauƙi, ta hau fasa kara tana waƙa ƙasa-ƙasa. Baba ma ba ya ƙorafi. Daga ɗakin nan sai in sake jiyo raki da dariya. Idan wuta ta dawo, abokai su dawo, gida ya koma yadda yake.

Bayan an ba Yaya gida a Birnin Kebbi ya tare can, wata safiya Inna ta biyo ni bayan kicin. Ta ce, "Ke, ɗiyata. Abin ga da wuya shike?"

Na ce, "Ba wuya, Inna."

"To gwada min. Amma kada ki hwaɗa ma yayanki, kada shi ga kamar na raina aikinai."

Na sa ta shanya hannu a rana har ya bushe ƙayau, ta sa takalmin roba, na ɗauko mata turmi ta taka don akwatin ya fi tsawonta. Ta danna makunnin da yatsa ɗaya tana runtse ido. Da ɗan jan ƙwan da ke jikin makunnin ya kama sai ta yi dariya kamar yarinya. A rana guda ta haddace dokar, ta ma fi ni kiyayewa. Ba ta barin Baba ya tsoma ko yatsa sai ta koma ta sake duba akwatin. Ta kuma sauya lokacin wankan zuwa sassafe, kafin abokai su fito, ta riƙa jefa ganyen dogon yaro a kwamin, ta zauna a bakinsa da tawul ɗinta.

Bai daɗe ba. Da damina ta faɗi zazzaɓi ya kama Baba, wanda ba shi da haɗi da ƙafa ko ruwa, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Idan na tuna sai in ga tsakanin ranar da Yaya ya gama aiki da ranar da Inna ta taka turmin nan an yi kusan shekara, ita kuwa makonni kawai ta samu. Tun ranar farko za a iya ɗauko turmin. Ba wanda ya yi tunani, mu duka hutunta muke nema.

Da ta fita takaba ta ce za ta koma Giwa Tazo wurin ƙanwarta, inda a lokacin ko turken wuta babu. Can ta ƙarasa rayuwarta. Yaya ya zo ya cire layin daga mita saboda jikoki sun fara yawa a gidan.

Yanzu Yaya ya tsufa, ya bar aiki. Idan ana hirar aikin jan wayar wuta a gabansa yakan ce duk ayyukan da ya yi, har na manyan ofisoshi, babu wanda ya kai na lambun Baba kyau, ko sau ɗaya wuta ba ta taɓa kowa ba. Gaskiya yake faɗa, ni ma nakan ce masa haka ne. Sauran kuwa Inna ta ce kada in faɗa masa, ban kuma faɗa ba.