Ɗaya-ɗayan da suka ɓace a takardun Gwaggo

Shekarata biyu ina aikin alƙaluma a wani ƙaramin ofishin lafiya kusa da Ɗanbatta lokacin da aka ajiye mini takardar korar ƙanwar mahaifina, aka ce in sa hannu. Ni na nemo mata aikin bayan rasuwar mijinta. Gida-gida take shiga tana tambayar mata haihuwarsu nawa da shekarun yaran, ta rubuta, ni kuma in zuba a kwamfuta.

Rannan shugabanmu ya zo daga Kano ya sa na haɗa takardun duk masu shiga gidajen da rajistar awon ciki ta asibiti. Manhajar lissafin ba ta san gwaggon kowa ba. Nan take ta jero layukan da suka saɓa, ta shafa musu ja, kusan duk nata ne.

"A gindin bishiya ta zauna ta cike su," in ji shi. "Malama, bayan la'asar zan tafi da takardar nan."

Wallahi raina ya ɓaci, da shi, da ita, da ni da na kawo ta. Gwaggo tana zaune a benci a waje, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Na koma kan kwamfutar, ga batir saura kaɗan, ga ba wuta tun safe.

Na buɗe sabon layi, na sa manhajar ta cire adadin Gwaggo daga na asibiti, mace bayan mace. Ɗaya. Ɗaya. Ɗaya. Na yi ta gangarawa, abin bai sauya ba. To wane irin maƙaryaci ne zai yi ta kuskure da ɗaya tak? Sai na jera yaran bisa shekarar haihuwa. Kowace mace, wanda ya ɓace shi ne na can sama, babban.

Na dafe kai. Kai, ni ma dai! A ƙauyen nan aka haife ni, amma sai da inji ya nuna mini. Wace mace ce za ta buɗe baki, a gaban surukarta, ta lissafa ɗan fari? Sauran masu tambayar 'yan mata ne, sukan ce "har da na farin?" ba ko ƙifta ido. Gwaggo kuwa ba za ta taɓa matsa wa mace a kan wannan ba.

Na yi masa bayani. Ya duba agogo.

"A wannan zamanin? Labari kike ba ni saboda 'yar'uwarki ce. Hujja nake so."

An fara kiran la'asar. Ban tsaya tunani ba, na leƙa na kira ta. Ta shigo ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yallaɓai, tambaye ta 'ya'yanta nawa."

Ya tambaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Uku ne, Allah Ya raya."

"Huɗu ne," na ce da ƙarfi, na lissafo su da suna tun daga babban. "Ga shi can bakin ƙofa, shi ya kawo ta a babur."

Ya leƙa taga, ya dube ta, ya sake duba jajayen layukan. Sannan ya ninke takardar ya tura aljihu, ya ce gobe a koma gidajen a ƙara tambaya ɗaya.

Na biyo Gwaggo waje ina murna, ina jiran ta sa mini albarka. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"A gaban baƙo kika tsaya kina kira mini sunansa? Me na yi miki?"

"Gwaggo, korar ki fa za a yi!"

"Da kin bari an kore ni."

Ta wuce ɗan nata ko kallonsa ba ta yi ba, ta kama hanyar gonaki a ƙafa. Har yau tana kan aikin. Amma sai da aka yi girbi kafin ta sake amsa gaisuwata da fiye da "lafiya".