Halldis, Wadda Ta Ƙi Rage wa Babana Sirdi

Halldis tana buɗe shagonta kafin jirgin fito na farko ya tashi. Ni shaida ce, don ni ke soya fanke da dafa kofi a kantin cikin jirgin, kuma ta tagata ina hango fitilarta a bayan ma'ajiyar kifi. Ta rataye rigar ruwa, ta kunna rediyo ta ji abin da sama za ta yi yau, sai ta rungume kofin kofi da hannu biyu har yatsunta su yarda su lanƙwasa. Da can ba sa neman lallashi. Sannan ta ɗauko wuƙar yanka burodi, wadda ba ta taɓa ganin burodi ba, ta hau yanka soso.

Aikinta ke nan tun kafin a haife ni: gyaran sirdin manyan babura, irin na doguwar tafiya, masu akwati hagu da dama da baya, waɗanda in suka shigo jirgi sai ka ji ƙarfen ƙasa ya amsa. In dusar ƙanƙara ta matso, a kulle baburan a gareji, a ɓalle sirdi a kai wa Halldis. Duk lokacin sanyi suna nan rataye a bangonta kamar kifin da aka shanya. Ranar Asabar da ta wuce ta rufe shagon, ba za ta sake buɗewa ba, hannun ya ƙi. Mujallar ƙungiyar mahaya ta ba ta layi biyu a ƙarƙashin tallar taya. Ni ban yi nisa a makaranta ba, ɗan abin da na iya a tsakanin wannan gaɓa da waccan na koye shi, amma na duba na ga layi biyu ko ni zan iya wuce su.

Mahayan nan na san su ciki da bai. Ƙetarewarmu ba ta da tsawo, amma tana isarsu su gyara wa masana'anta babur daga fitilar gaba har lamba. Su jeru a gaban kantina cikin baƙar fata, an zana musu ƙoƙon kan mutum a gadon baya, suna neman fanke mai ɗan sukari kaɗan saboda likita ya hana. Wannan ya ce gilashin gaba yana tara iska ya juye masa a wuya, sai an ƙara masa taƙi guda. Wancan ya ce giyar ƙarshe ta yi gajarta, inji yana ta kuka a babban titi. Wani ya ce akwatin gefe ba ya cin hular kwano biyu, abin kunya ne. Wani fitila yake so wadda za ta leƙa kwana kafin shi ya leƙa. Terje, shugaban ƙungiyar, likitan haƙori ne ranar aiki, ɗan daba ranar Lahadi. Shi damuwarsa abin ɗumama hannu matakinsa uku ne kacal, alhali hannunsa na huɗu yake so.

"Yarinya, wannan ba abin hawa ba ne," ya ce min wata rana. "'Yanci ne."

Na ce masa 'yancinsa yana ɗigar da mai a layi na biyu, ma'aikacin jirgi yana nemansa.

Duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe a bakin kantina suke ƙarewa, don masu masana'anta ba sa hawa jirginmu. Abu ɗaya da ake iya gyarawa a garin nan shi ne inda mutum yake ɗora mazaunansa. Saboda haka kowa ya gama jawabinsa sai ya gangara wurin Halldis.

Ita kuma tana da ƙa'idarta. Ba ta karɓar sirdin da ba ta ga mai shi a kansa ba. Kafin ka kulle babur sai ka kawo shi tsakar gidanta mai tsakuwa, da kaya a akwati kamar yau za ka tafi, da wanda kake goyawa a baya. Ku hau, ka ɗage ƙarfen jingina, ka kafa ƙafa biyu. Ta yi ta zagaya ku tana tambayar na baya inda ke masa ciwo. Kana cikin ba ta labarin ƙarfin injinka, sai ta sa tafin hannu ta ture kafaɗarka. Ba da ƙarfi ba, kamar dai yadda ruwa ke girgiza jirgi in ya zo jingina. Idonta yana kan gwiwarka.

Da turin nan ta yi wa mutane da yawa rana. Solfrid mai raba wasiƙu, wadda kan yatsunta kawai ke taɓa ƙasa, an daɗe ana ba ta shawara ta nemi ɗan ƙaramin babur daidai ita. Halldis ta fafe mata sirdi ta tsuke gabansa, ga ta nan ta je har ƙarshen arewa ta dawo ita kaɗai. Matar Terje ta yi shekaru tana cewa tafiya lafiya lau, sai a tsakar gidan Halldis aka ji ashe ƙafarta ta hagu mutuwa take yi tun kafin a kai gidan mai na farko. Terje ya ce ai ba ta taɓa faɗa masa ba. Matar ta ce ta faɗa, kiɗansa ne ya yi ƙara.

Halldis, ke ce mutum ta farko a garin nan da ta tambayi masu zaman baya. Su ba sa cikin mujalla, ba a zana musu komai a riga, aikinsu riƙe ƙugu da kallon ƙeya. Uwar masu zaman baya, in ba ki so sunan ba ki yi haƙuri, na riga na rubuta.

Babana Oddvar ajinsu ɗaya da ita tun firamare. Ita ta yi sirdin da ya ɗauko Mama a kai daga coci ranar aurensu. Kowace Juma'a yana shagonta, zaune kan bokitin gam, yana shan kofinta yana hana ta aiki. Ya tsufa, babur bai tsufa ba. Sau biyu tana rage masa tsayin sirdi don ƙafarsa ta zauna da kyau. Bara waccan ya koma neman na uku. Ina wurin, ni na riƙe wa Mama jaka.

Suka hau, Mama a baya. Halldis ta zagaya, ta tura. Gwiwar Baba ta dama ta saki, babur ya kwanto, ya ciji haƙora ya dawo da shi. Ya yi dariya ya ce tsakuwa ce. Ta sake turawa. Wannan karon Mama ta damƙi rigarsa da hannu biyu.

"Ba zan rage ba, Oddvar," Halldis ta ce.

"Soso ne ya ƙare miki?"

"Soso yana nan. Ko a kan ƙarfe na zaunar da kai, gwiwar nan ce dai. Ga matarka Gunvor a bayanka."

"Yanzu kuma likita kika koma, 'yar tsohuwa?"

"Ajinmu ɗaya, ɗan tsoho. Dubi hannuna. Ni ma nawa yana tafe."

Ya tada babur ya fita da tsakuwa tana tashi. Mama a motata ta koma gida.

Na so a ce daga baya ya faɗi, ba mugun faɗuwa ba, 'yar kaɗan dai, yadda kowa zai gane gaskiyarta. Bai faɗi ba. Ya sayo gajeren sirdi ta intanet, ya yi bazara guda yana hawa shi kaɗai, don Mama ta ce ita kam ta sauka ke nan. Tafiya ba kowa a baya ba ta yi masa daɗi ba, ya sayar da babur ɗin. Har yau ba mai iya rantsuwa cewa da an rage sirdin nan da wani abu ya faru. Wataƙila da sun ƙara 'yan shekaru suna yawonsu su biyu. Mama har yanzu in ta ji ƙarar babban babur a kan hanya sai ta leƙa taga. Halldis ta san da wannan duka, ba ta taɓa cewa ai na faɗa ba, don ba abin da ya faru da za ta nuna.

Abin da ya biyo baya shi ne Baba ya daina zuwa ranar Juma'a. Ya gaya wa 'yan ƙungiya wai hannunta ne ya mutu take fakewa da gwiwarsa. Su kuwa kusan kowa a cikinsu yana da gwiwa irin ta Baba, tsoron turin nan ya kama su. Jarumawan suka koma aika mata sirdi ta hannun matansu, ta mayar, suka koma intanet, inda ba mai taɓa kafaɗar kowa. Bangon shagon ya yi ta yin fili. Garin nan ƙarami ne, kantin abinci ɗaya gare mu. Na ga Baba da idona ya tsaya yana karanta bayan kwalin madara har Halldis ta gama sayayya ta fita. Bai taɓa son karatu haka ba.

Ranar Asabar Mama ta gasa kek ta ce za ta kai wa Halldis shago. Ta ce wa Baba ba ta iya tuƙi da kek a cinya. Ni na ce wuyana ya ƙage. Ya kai mu, ya tsaya a bakin ƙofa bai kashe mota ba. A ciki akwai Solfrid, da matar Terje, da wasu 'yan mata masu zaman baya waɗanda duk sun yi jika. Terje ya aiko da furanni, shi yana can birni wajen baje kolin sababbin babura.

Halldis ta yanka kek, tana amsa gaisuwa, idonta yana kan taga. Can ta zuba kofi, ta riƙe shi da hannu biyu don kada ya zube, ta fita. Muka taru a taga ba kunya, ni na ɗan buɗe ƙofa don in ji. Ta tsaya a gefen motar. Baba ya daɗe yana kallon gaba, sannan ya sauke gilashi rabi, ya karɓa.

"An ce sabon babur da suka fitar bana ya fi nawa nauyi," ya ce.

"Haka na ji."

"Ba su da hankali."

"Ba su da shi."

Ya shanye, ya miƙa mata kofin, ya ɗage gilashi. Bai shigo ba. Bayan shirun shekara biyu abin da ta samu ke nan, kuma na ga yadda ta dawo tana riƙe da kofin nan kamar an ba ta lambar girma.

Halldis, na gode. Na gode da kika dubi Mama a ranar, ko da ba zan taɓa sanin daga me kika raba ta ba. Ya fi miki sauƙi ki yanke soson nan ki riƙe abokinki, ba ki yi ba, mu kuma muka bar ki da abin ke kaɗai.

Ku da kuke karanta wannan, in aboki ya zo muku da gwiwa tana rawa da mutum a bayansa, ku faɗa masa. Ba zai gode ba, yana iya daina gaishe ku. Ku faɗa duk da haka. Ku kuma da aka taɓa faɗa wa kuka yi fushi, Halldis tana nan da ranta, gidanta shi ne jan nan na bayan coci. Ku ƙwanƙwasa ku ɗan jira, hannun yana daɗewa kafin ya murɗa makulli.