Jakin da Ya Kamata In Kora

A shekarun da Nasara ke tattara kayansu, ina saurayi a ƙauyenmu kusa da Gazawa, wani ciwo ya same ni wanda babu mai sanin sunansa. Ina zaune lafiya lau sai gabana ya yanke ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe, numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro, in saddaƙar mutuwa ce ta iso. Cikin taro ya fi kama ni. Kasuwa ta gagare ni, sallar Juma'a ma sai a sahun baya.

Ƙanena kuwa kamar ba shi da zuciya a ƙirji. Baba falken gyaɗa ne, ni ne babban ɗansa, amma ƙanena ya riƙa koro masa jakuna zuwa kasuwa, har su tsallaka ƙasar Katsina. Ya dawo da sabuwar hula yana labari, Baba na dariya, ni ina raɓe jikin rumbu ina jin kamar in shaƙe shi. Ba hular ta dame ni ba. Yadda yake kutsawa cikin mutane yana waƙa, shi nake ƙyashi.

Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta a Gazawa, gari duk ya tafi. Na kai bakin rijiya, na ji amon ganga, na juyo gida. Da la'asar ƙanena ya shigo yana haki.

"Yaya, da ka gani! Ni na riƙe wa mai gari doki!"

"To sai me?" na ce, na bar masa wurin.

An ba ni rubutu na sha, an turara mini saiwoyi. Daga baya Gwaggo, yayar Baba, ta sa ni a motar gyaɗa zuwa asibitin Maradi. Likita ya sa abin sauraro a ƙirjina, ya ce zuciyata lafiya take, tsoro ne ke tasowa ba dalili, kuma ba ni kaɗai ba ne. Ya ba ni ƙwayoyi, ya koya mini jan numfashi a hankali, ya ce kada in guje wa taro, in riƙa shigarsa kaɗan-kaɗan.

Gwaggo ta riƙe maganar. Kowace ranar kasuwa sai ta ce, "Tashi, ɗan nan, yau iyakarmu wurin masu nono." Wani makon mu kai rumfar masu gishiri. In abin ya motsa, ta tsaya tare da ni har ya lafa.

Bayan damina biyu Baba ya ba ni jaki ɗaya in kora. Ƙanena yana gaba da guda huɗu, kowa a hanya da shi yake gaisawa. Na sauke kayana a tsakiyar kasuwa ban gudu ba, amma har muka koma gida ina ƙirga mutanen da suka kira shi suka wuce ni.