Irin Tattasan Baba da Hayaƙin Banda

Shekarun baya, shekarar da mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta fito da wani ƙullin tsumma daga ƙasan adaka. Irin tattasan da Baba ya yi shekaru yana zaɓa ne a fadamarmu ta bakin kogin Haɗeja, kuma shi kenan ya rage. Ta ce, "Kai ne babba, kada ya mutu a hannunka."

Don tsoron kaji da awaki, sai na yi fangalin rainon a lungun bayan gida, na kewaye da zana. Bayan katangar kuwa maƙwabciyarmu ce ke bandar kifin da ake kawo mata daga Baturiya. Ni dai ƙamshi kawai nake ji, har ina haɗiyar yawu.

Iri ya tsiro lafiya, sai ya ƙi tsawo. Kara ya yi kauri ya gajarce, ganye ya sunkuya ƙasa, ga ruwa ga taki. Mahaifiyata ta duba ta ce, "Wannan kambun baka ne." Ta ba ni kasko da turaren tsari, ni kuma sarkin biyayya na riƙa zagaya fangali safe da yamma ina hura garwashi. Kullum abin gaba yake yi. Raina ya ɓaci sosai, don gani nake Baba zai sake mutuwa.

Ana haka wani abokina da ya karanta aikin gona ya zo gaisuwa, ya tarar da ni tsugune cikin hayaƙi. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, kashe shi kake yi! Ka taɓa ganin yadda masu ayaba ke turara ta don ta nuna?"

Ya ce akwai wata iska a cikin hayaƙi wadda tsiro da kansa yake fitarwa idan zai nuna ko zai tsufa. In ta yi wa ƙaramin tsiro yawa, ƙwayoyin jikin karansa sai su daina miƙewa sama, su riƙa buɗewa gefe. Ga hayaƙin banda, ga nawa, ga zana ta hana iska wucewa.

Washegari muka kwashe abin da ya yi saura muka dasa a fili kusa da ruwa. Fiye da rabi ya tafi, amma sauran suka miƙe, sabon ganye ya fito sak.

Tun daga nan, in shuka ta ƙi, nakan duba abin da take shaƙa kafin in zargi idon mutane. Har yau irin nan muke nomawa.

Ranar da na kai wa mahaifiyata tsinkar farko, ta yi ta juya tattasan a tafinta. Can ta ce, "Babanku ma in na kunna turare fita yake yi. Ashe irin nasa halinsa ya ɗauko."