Wayata ta yi kuka a cikin doya

Jama'a, yau doya ta yi ringin a kasuwar Gwada!

Na je sayen doya, ana loda mini a mota. Na laluba aljihu, babu waya! Na yi ihu an sace, nan take aka cafke Danladi, ɗan dakon da ke kusa da ni. Wani har ya ɗaga gora.

Danladi ya ce, "Oga, wallahi ban taɓa ba!"

Na ce, "Kowa ya tsaya! Wanda ya taɓa shi, ni da shi ne."

Na karɓi wayar direba, na shiga imel ɗina, na danna wurin nemo waya don tawa ta yi ƙara. Abin nan da kuke mini dariya a kai, wai ina ƙona data a banza.

Direba ya ce, "Alhaji, wannan wasan ɗaliban jami'ar Gidan Kwano ne, ba na tsofaffi ba."

Bai rufe baki ba sai ga ƙara daga cikin mota! Muka sauke doya, ga ta kwance cikin ciyawar shimfiɗa. Ashe da na sunkuya duba kaya ta zame.

Mai gora ya sulale. Danladi ya share gumi, ya miƙo mini tasa wayar: "Oga, don Allah saka mini abin nan."

Na duba, 'yar tocila ce, ko intanet ba ta hawa!