Sunan da Ya Koma Igiya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga Rajab, shekara ta dubu da ɗari biyu da casa'in bayan Hijira, Allah Ya karɓi ranka a Sifawa bayan zazzaɓin kwana shida.

Kai ne ɗana na fari, saboda haka shekara arba'in da ɗaya bakina bai taɓa kama sunanka ba. "Yaron nan" nake cewa, har ka yi furfura. Yau na ajiye kunya, zan rubuta shi: Sodangi. Na rubuta ne don an mai da shi abin da ba shi ba.

Na koya maka baƙi da wasali, amma hisabi kai ka nemo abinka. Ka ga 'yan'uwa suna fasa wa juna kai a kan iyakar gona, sai ka tufka igiya gaba goma sha biyu, ƙulli ɗaya a kowace gaba. A ja uku nan, huɗu can, biyar a tsakani, kusurwa ta fito sak, gardama ta mutu. Ka auna wa marayun Horo Birni gonar ubansu cikin rana tsaka, aka kawo maka damin gero, ka ce a mayar, ruwan sha ya ishe ka.

Kafin shekara goma, daga Boɗinga har Shagari ba mai cewa igiyar awo. Sai "a ɗauko sodangi", "gonar nan sodangi bakwai ce". Na ce maka ban so, sunan mutum ba kayan aiki ba ne. Ka yi dariya, ka ce fatake sun ba ka labarin wani malamin hisabi na Gabas da Nasara suka mai da sunansa kalmar lissafi, har suka manta mutum ne. Na ce wannan ba abin dariya ba ne. Ga shi kuwa.

Ranar sadakar uku, wani Ɗanliti, manomin albasa daga Dingyaɗi, ya tsaya gaisuwa don ya ga taro. Da aka faɗa masa wanda ya rasu, sai ya riƙe baki.

"Inna, ashe mutum na? Wallahi ni na ɗauka igiya ta! To mi yas sa ba ya cika?"

Na ce, "Mi ab ba ya cika?"

"Sodangi mana. Mu can in anka ce an yi maka sodangi, to an cuce ka ke nan."

A gaban 'ya'yanka ya faɗi haka. Ban ga laifinsa ba. Laifin naka ne, Na'Allah, kai da ka zauna shekara biyar a zauren ɗana kana cin tuwona. Ka rage taƙi ɗaya a kowace gaba in za ka auna wa mai takaba, ka ɗauko cikakkiya in za ka auna wa mai rawani, duka biyun kana kiransu da sunan malaminka. Ko jana'iza ba ka zo ba. Ƙasar da ka sata taƙi-taƙi, da ita za a yi maka rataya ranar da babu mai rawani.

To ku ji, mutanen ƙasar nan. Igiyar farko tana hannuna, da gumin ɗana a jikinta. Ranar Juma'a zan sa a rataye ta a ƙofar masallacin Sifawa. Duk mai igiyar awo ya kawo tasa a gwada. Wadda ta cika, a ci gaba da kiranta yadda aka saba. Wadda ta gaza, mai ita ya kira ta da sunan ubansa.

Safinatu, ki yi haƙuri, mijinki bai bar miki abin kunya ba. Maniru da Maimuna, in kun ji an ambaci sunan ubanku a bakin gona, ku ɗaga kai.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka gafarta masa, Ka haskaka makwancinsa. Bai taɓa rage wa kowa taƙi ba. Ka yalwata masa kabarinsa ba da awo ba.

Mahaifiyarsa, Khadijatu, Sifawa.